Kama da wane ba ta wane: yadda zato ke cin rayuka a bakin Komadugu

Ranar Laraba 5 ga watan Yulin 2017, sojojin Nijar da ke sintiri a ƙauyen Abadam, cikin gundumar Bosso ta jihar Diffa, sun buɗe wuta a kan wasu mutane da suka tarar a wurin. Mutum 14 suka mutu, kuma babu mai makami a cikinsu. Manoma ne da rikici ya kora daga gidajensu, suka koma duba gonakinsu: 12 'yan Najeriya, biyu 'yan Nijar. Washegari magatakardan jihar na lokacin, Yahaya Godi, ya tabbatar wa manema labarai da aukuwar lamarin. Ya ce Abadam na cikin yankin da aka daɗe da hana shiga, saboda haka duk wanda aka gani a can ana ɗaukarsa ɗan Boko Haram ne.

Shekara biyu kafin nan, ranar 17 ga Fabrairun 2015, wani jirgin sama ya saki bam a kan jama'ar da ta taru zaman makoki a wannan ƙauye, mutum 36 suka rasa rayukansu. Gwamnatin Nijar ta ayyana makokin ƙasa na kwana uku. Mutanen yankin sun zargi jirgin yaƙin Najeriya, rundunar Najeriya kuma ta ce ba nata ba ne.

Sau biyu ke nan a ƙauye guda, cikin ƙasa da shekara uku, ana kashe bayin Allah saboda an yi musu kallon abin da ba su ba ne. Wanda ke zaune a Yamai, Maradi ko Damagaram zai iya cewa tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Amma duk wanda ya bi labarin kwarin Komadugu, daga Chetimari zuwa garin Diffa har Bosso, zai ga cewa irin wannan kuskure yana da tushe. Tun 2015 aka shiga wani hali da ake yanke wa mutum hukunci da wurin da aka gan shi, ko yaren da yake yi, ko sana'arsa, ko kuma maganar wani da ke da tsohuwar gaba da shi.

Kogi ya raba ƙasa, bai raba dangi ba

Ruwan Komadugu daga ƙasar Hausa yake tasowa. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne ke haɗuwa su ba da shi, ya ratsa jihar Yobe, sannan ya zama iyakar Nijar da Najeriya na tsawon kimanin kilomita 150 kafin ya faɗa Tafkin Cadi kusa da Bosso. Faransa da Ingila ne suka mai da shi iyaka a farkon ƙarni na 20, ayarin Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee kuma ya shata layin tsakanin 1906 da 1908.

Layin ya ratsa ta tsakiyar al'umma ɗaya. Barebarin Mobar suna gaɓar arewa, suna kuma gaɓar kudu. Damasak, hedikwatar ƙaramar hukumar Mobar ta jihar Borno, tana tsallaken ruwa ne daga Gagamari da Chetimari. Ana auratayya, ana cin kasuwannin juna, wani ma gidansa na wannan gaɓa gonarsa na waccan. Kafin rikicin, a kasuwannin jihar Diffa naira ta fi sefa yawo a hannun jama'a. Da rani kogin kan janye har a taka shi da ƙafa.

Chetimari ƙaramar hukuma ce da ke kimanin kilomita 25 yamma da garin Diffa, a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta taso daga Yamai. Ranar 24 ga Nuwamban 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Damasak. Dubban mutane suka tsallako ruwa zuwa Gagamari da Chetimari, wasu suka nutse a hanya. A ƙarshen wannan shekara aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Forage, nesa da iyaka, amma mafi yawan waɗanda suka gudo sun gwammace su sauka gidajen dangi ko su kafa bukkoki a gefen kwalta. Daga baya adadin waɗanda rikicin ya raba da gidajensu a jihar ya kai kimanin dubu 250, a jihar da ƙidayar 2012 ta ba ta mutum kusan dubu 600.

A nan matsalar ta fara. Boko Haram a Maiduguri aka haife ta, kuma ta ɗebi mayaƙa a ƙasar Barebari, har da samarin jihar Diffa da ta yaudara da kuɗi da babur. Wanda ya gudo da wanda ya koro shi yarensu ɗaya, suturarsu ɗaya, sunayensu iri ɗaya. Sojan da aka turo daga Dosso ko Tilaberi, wanda ba ya jin Barbarci, ba shi da abin da zai bambance su da shi a ido.

Dokar ta-ɓaci: alama ta maye gurbin shaida

Ranar 6 ga Fabrairun 2015 mayaƙan suka kai hari Bosso da Diffa a karon farko. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka yi ta sabunta ta shekara da shekaru. An hana hawa babur, an sa dokar hana fita da dare, an taƙaita sayar da man fetur da takin zamani. An hana fataucin tattasai da kifi, an kuma rufe wasu kasuwanni na wani lokaci, ciki har da ta Gagamari da ta Kindjandi.

Kowane mataki yana da dalilinsa. Da babur mayaƙan ke kai hari su gudu. Da takin uriya ake haɗa bam. Haraji kan tattasai da bandar kifi na daga cikin hanyoyin da ƙungiyar ke samun kuɗi. Sai dai waɗannan abubuwa su ne abincin talakan yankin. Tattasan Diffa, wanda ake kira jan zinare, kafin rikicin ana ƙiyasta noman kimanin tan dubu 10 a shekara, akasarinsa Najeriya ake kaiwa. Dare ɗaya ɗan kabu-kabu, manomin tattasai da masunci suka wayi gari kayan sana'arsu sun zama abin tuhuma. Buhun taki a ɗaki ko jarkar fetur ta injin ban-ruwa na iya sa a yi awon gaba da mai gida.

Mataki mafi nauyi ya zo ne bayan harin tsibirin Karamga na ranar 25 ga Afrilun 2015, inda gwamnati ta ce an kashe soja 46 da farar hula 28. Hukumomi sun ba mazauna tsibiran Tafkin Cadi 'yan kwanaki su fice. Kimanin mutum dubu 25 suka tako da ƙafa zuwa N'Guigmi da Bosso cikin zafin bazara. Ɗan fafutukar nan Moussa Tchangari na ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, wanda ya soki yadda aka yi kwasar, an kama shi ranar 18 ga Mayu, aka tsare shi kimanin kwana goma. Daga baya ƙauyuka da yawa na bakin Komadugu su ma suka watse, wasu da umarnin hukuma, wasu don tsoron hari.

Wuraren da aka kwashe su ne jami'ai ke kira zone rouge, wato jan yanki. Lissafin mai sauƙi ne: tun da an ce kowa ya fita, wanda ya rage abokin gaba ne. Amma ƙasar noma mai kyau, da ciyawa, da kifi, duk a cikin jan yankin suke. Magidancin da ke zaune a bukka bakin kwalta, taimakon abinci bai ishe shi ba, gonarsa kuma na nan tafiyar rabin yini, wata rana sai ya saci jiki ya koma. Yunwa ba ta san layin da aka ja a taswira ba. Mutanen Abadam 14 irin waɗannan ne.

Tsoron jami'an tsaro shi ma ba na banza ba ne. Mako guda kafin harbin Abadam, wasu mata biyu sun tayar da bam a sansanin Kablewa, ranar 2 ga Yuli kuma mayaƙan sun yanka mutum tara a Ngalewa suka sace mata da yara sama da 30. A ƙaramar hukumar Chetimari kanta, an kashe soja bakwai a sansanin Chetima Wangou a Fabrairun 2019, aka sake kashe takwas a Maris na 2020. Sojan da ya binne abokan aikinsa jiya, yau hannunsa na kan kunama. Shi ya sa dokar yaƙi ba ta bar abin ga zuciyar mai bindiga ba: ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977, wanda Nijar ta amince da shi, ya tanadi cewa idan aka yi shakka a kan mutum, a ɗauke shi farar hula.

Tsohuwar gaba ta sami sabon suna

Rikicin Boko Haram ya tarar da wasu rigingimu a ƙasa. A shekarun 1990 tawayen Tubawa na ƙungiyar FDR ya girgiza yankin Manga, wasu Fulani da Larabawa suka ɗauki makamai suka tsaya a ɓangaren gwamnati, har aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a N'Djamena a 1998. A Oktoban 2006 gwamnatin Tandja Mamadou ta ba da sanarwar korar Larabawan Mahamid zuwa Cadi, bayan koke-koken da aka yi ta yi kan rijiyoyi da makiyaya, sannan ta janye matakin cikin 'yan kwanaki. Ƙarƙashin duk waɗannan akwai tambaya guda: wa ke da ikon ruwa, wa ke da ikon ciyawa?

Da aka kwashe mutanen tsibirai, tambayar ta dawo da ƙarfi. Makiyaya Fulani da Mahamid, waɗanda mayaƙan suka sace wa dabbobi, sun ɗauki makamai, suna zargin Buduma da haɗa baki da Boko Haram. Wakilan Buduma da Barebari kuma suka ce ana fakewa da wannan zargi ne don a gaje musu ƙasa da shanu. A tsakiyar 2016 an yi arangama a kwarin tafkin, gwamman mutane suka mutu, kamar yadda ƙungiyar International Crisis Group ta bayyana a rahotonta na Fabrairun 2017. Gaskiya ne akwai 'yan Buduma da suka shiga ƙungiyar, kamar yadda 'yan wasu ƙabilun suka shiga. Amma da zarar an liƙa wa ƙabila sukutum suna, kowane ɗanta ya zama abin farauta, har wanda mayaƙan suka ƙone wa gida.

A ɓangaren Chetimari da Gueskerou rigimar ta manoma da makiyaya ce. Garken da a da ke tsallakawa Najeriya ko su gangara tafki da rani, yanzu sun taru a ɗan siririn fili tsakanin kwalta da kogi, inda lambunan tattasai da shinkafa suke, inda kuma dubban 'yan gudun hijira suka sauka. A da, idan saniya ta shiga gona, ana zuwa gaban mai gari ne a ƙiyasta ɓarna a biya. Yanzu akwai wata hanya mafi sauri: a kira jami'an tsaro a ce an ga wane yana kai wa mutanen daji abinci. Bashin da ba a biya ba, takarar sarauta, rikicin gado ko neman aure, duk suna iya fita ta wannan ƙofa. Mai tsegumi ba ya bayyana a gaban alƙali, wanda aka tsegunta kuwa sai ya yi watanni ko shekaru kafin a saurare shi.

Mutanen ƙasar Hausa sun san inda irin wannan ke kaiwa. A Toda, cikin gundumar Gidan Rumji ta jihar Maradi, rikicin gona a Oktoban 1991 ya ƙare da kisan Fulani sama da 100, akasarinsu mata da yara da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Laifin da ake zargin wasu 'yan tsiraru da shi aka ɗora wa duk mai kama da su.

Gaba kura, baya sayaki

Su ma mayaƙan da zato suke aiki. Wanda suka gani yana magana da soja a kasuwa, ko yana yawan zuwa garin Diffa, ko yana riƙe da waya a bakin kogi, suna iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri. Masu gari da limamai sun fi kowa shiga tsaka mai wuya: in sun kai rahoto, mayaƙa su zo da dare, in sun yi shiru, hukuma ta ce da bakinsu a ciki. An kashe wasu, an tsare wasu, wasu kuma sun bar garuruwansu.

Manomi ko masunci da ya koma jan yanki kan tarar da mayaƙan sun sa haraji kafin su bar shi ya yi aiki. In ya ƙi, ransa ne. In ya biya, a idon doka ya tallafa wa ta'addanci. Haka ma iyalin da aka sace wa ɗa suka tara kuɗin fansa suka kai daji. Ga kuma yadda mayaƙan kan sa kakin soja su shigo da motocin da suka ƙwace, har mutanen ƙauye su fito tarbarsu. Amfani da mata da 'yan mata wajen kai harin ƙunar baƙin wake ya sa mace mai dogon hijabi, wadda a da ake matsa mata hanya, ta zama abin tsoro a bakin kasuwa da shingen bincike.

Mutum ba takarda

A shingen bincike abu na farko da ake tambaya shi ne katin ɗan ƙasa. Mafi yawan waɗanda suka gudo daga ƙauyukan bakin kogi da tsibirai ba su taɓa mallakar takardar haihuwa ba, masu ita kuma da yawa sun baro ta a gidan da aka ƙone. A da ba su buƙace ta ba, domin a ƙauye kowa ya san kowa, mai gari ne katin mutum. Hijira ta watsa wannan shaida. Mutanen gari ɗaya sun rabu wuri uku ko huɗu, mai garinsu na wani wurin dabam.

Ko mai takarda bai tsira ba. Sunaye irin su Modu, Bukar, Ari da Mala sun cika kowane ƙauye, kuma sunan uba ake ɗorawa a kai, shi ma daga cikin waɗannan. Rubutun ya bambanta da gaɓar da aka yi takardar: Boukar a nan, Bukar a can, Chétima a nan, Shettima a can, Oumarou a nan, Umaru a can. Wanda ba a yi wa rajista ranar haihuwa ba, akan rubuta masa shekarar da aka kintata, ko a sa masa 1 ga Janairu. Idan sunan wani da ake nema ya fito a jerin da ke hannun jandarma, mutum goma na iya amsa wannan suna da wannan ranar haihuwa.

Kamen da aka yi a 2015 da 2016 ya cika gidajen kaso. Sama da mutum dubu ɗaya aka kwasa daga jihar Diffa zuwa Yamai, Kollo da Kutukale, tafiyar fiye da kilomita 1,300 daga iyalansu, saboda a babban birni ne kotun musamman mai kula da shari'ar ta'addanci take. An fara yi musu shari'a a Maris na 2017. Fayil da yawa babu komai a ciki sai maganar wani da ba a san shi ba, ga ƙarancin tafintan Barbarci da Budumanci, ga shaidu can nesa. An hukunta wasu, an kuma sallami da yawa saboda rashin hujja, bayan sun shafe shekara biyu ko fiye a tsare. Wanda aka sallama ya dawo ya tarar da gona ta tafi, wani lokaci aure ma ya mutu, maƙwabta kuma na kallonsa da sunan da kotu ta wanke shi daga gare shi.

A Disamban 2016 ministan cikin gida na lokacin, Mohamed Bazoum, ya ba da sanarwar shirin karɓar mayaƙan da suka tuba, aka buɗe musu cibiya a Goudoumaria, rukunin farko ya fito a Disamban 2019 bayan koyon sana'a. Shirin ya fitar da mutane daga daji, amma ya bar wani ƙorafi a bakin jama'a: wanda ya ɗauki bindiga ya fito da kayan sana'a, wanda aka kama bisa kuskure ya fito hannu rabbana.

Ba Diffa kaɗai ba

Duk inda aka bar alama ta tsaya a matsayin hujja, sakamakon iri ɗaya ne. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin yaƙin Najeriya ya yi ruwan bama-bamai a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ƙirga gawa kimanin 90. Ranar 18 ga Fabrairun 2022, a ƙauyen Nachade na gundumar Madarunfa, gwamnan Maradi ya ce wani jirgin Najeriya da ke bin 'yan bindiga ya kashe yara bakwai bisa kuskure. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na sojan Najeriya ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka mutu. Daga sama, taron makoki, taron Mauludi da taron mayaƙa duk kamarsu ɗaya.

Ba sai da jirgi ba. A ƙarshen Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, 'yan banga sun tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta Hausawa da ke komawa Kano daga Fatakwal don yin Sallah. Ganin bindigogin farauta ya sa aka ce masu garkuwa da mutane ne, jama'a suka kashe 16 daga cikinsu. Bahaushen da ke jin cewa zargin ƙabila matsalar Buduma ce ko ta Fulani, ya tuna cewa akwai garuruwan da shi ne baƙo mai abin tuhuma.

Abin da ke rage haɗarin

Wasu matakan da aka ɗauka a Diffa sun nuna hanya. An ɗage haramcin fataucin tattasai a 2017, na kamun kifi a 2019, abin da ya fitar da dubban mutane daga sahun masu karya doka. A Yulin 2018 kotun musamman ta yi zama a garin Diffa, inda iyalai da shaidu suka iya halarta. A Disamban 2018 Nijar ta kafa dokar kare 'yan gudun hijira na cikin gida, ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta shigar da yarjejeniyar Kampala cikin dokokinta. A wannan watan ne kuma wakilan Fulani da na Larabawan Mahamid na yankin Maine Soroa da Goudoumaria suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya. A Yunin 2021 aka fara mai da mutane garuruwansu, aka soma da Baroua, tare da rakiyar soja.

Duk waɗannan abu ɗaya suke yi: suna dawo da hanyar sanin mutum da kansa. Takarda na daga ciki. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa, kuma alƙalai kan fita zaman tafi-da-gidanka a ƙauyuka da sansanoni don ba wa waɗanda lokaci ya wuce musu takardar da ke maye gurbin ta haihuwa. Wanda ya ji an zo irin wannan zama a unguwarsu, kada ya bari ya wuce shi, shi da matansa da 'ya'yansa.

Shaidar mutane ita ma takarda ce. Inda ake tuntuɓar mai gari, mai unguwa ko magajin gari kafin a wuce da wanda aka kama, kuskure kan fito fili tun a ranar farko. Inda ake sanar da manoma, da yarensu, wace gona aka yarda a shiga, daga wane lokaci zuwa wane lokaci, kuma aka sanar da sojan da ke sintiri a ranar, ba a cika samun irin abin da ya faru a Abadam ba. Rigimar gona da burtali kuwa tana da gidanta: dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun ba sarakuna ikon sasantawa kafin a je kotu. Duk rigimar da aka kashe a can, ba za ta koma tsegumi a barikin soja ba.

Akwai kuma abin da ya rage a wuyan hukuma. Idan an yi kuskure, iyalan mamata na buƙatar a yi bincike, a faɗi sakamakonsa a fili, a biya diyya. Wanda kotu ta wanke yana buƙatar takardar da zai nuna a shingen bincike, da abin da zai sake kafa rayuwa da shi. Wanda aka tabbatar ya yi tsegumin ƙarya kuma ya kamata ya fuskanci hukunci, domin dokar ƙasa ta haramta ƙazafi. Rashin yin haka riba ce ga mayaƙan, waɗanda ba su da abin jan hankalin samari da ya fi labarin ɗan'uwan da aka kashe ko aka ɗaure ba da haƙƙinsa ba.

Mutanen gari su ma suna da nasu kason. Hoton wani da ake yaɗawa a WhatsApp ko Facebook da sunan ɗan ta'adda, ba tare da sanin wanda ya fara turo shi ba, yana iya zama sanadin ajalinsa kafin gari ya waye. Wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba, ya kai wa hukuma abin da idonsa ya gani, ba abin da ya ji a majalisa ba. Wanda ya sauki baƙo ya gabatar da shi ga mai unguwa, don ya sami mai tsaya masa ranar da za a tambaya. Direba ko ɗan kasuwar da zai bi hanyar Maine Soroa zuwa Chetimari da Diffa ya riƙe katinsa, ya san lokacin da ake rufe hanya, ya kuma bar wa wani a gida sunan wanda zai sauka wurinsa da lambar wayarsa.